Muna Bin Sarewar Kawu

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Shagon tabarau da safe daɗi gare shi. Na yi shara, na goge madubai, na jera firam ɗin da yaran wata mata suka hargitsa ranar Asabar, ga shayina yana tururi, Oga kuma bai iso ba balle ya fara min labarin ciwon ƙafarsa. In da kullum haka duniya take ai da ba mai tsufa.

Jiya Lahadi, ranar gwajin kiɗanmu, Kawu bai zo ba.

Bari in faɗi su wane ne mu, ko don jikokina in sun tsinci littafin nan su san kakarsu ba tabarau kaɗai ta iya ba. Mu huɗu ne. Ni ce mai bes, jitar nan mai ƙatuwar murya da Inna ke cewa har cikin hanjinta take jin ta. Ƙanena Auta shi ne mai ganguna. Tsinke, abokinsa tun na makaranta, shi ke jita da waƙa, shi ne kuma bakinmu in 'yan rediyo sun zo, don ko ba a tambaye shi ba zai ba da amsa. Sai Kawu, yayan Inna, mai sarewa. Kiɗan rok na Turawa muke yi, amma kowace waƙa tamu in ka tone ta za ka tarar da tsohuwar waƙa a ƙasa, ta masu noma ko ta masu daka ko ta makiyaya, irin waɗanda Kawu ya kwaso shekarun da yake tuƙa bas daga wannan ƙauye zuwa wancan. Shi ya kawo waƙa, mu mu sa mata wuta.

Kuma ba ma saita jita da na'ura kamar sauran mutane. Tun ranar farko Kawu ne ke tsayawa ya busa sauti ɗaya, dogo, ni da Tsinke mu yi ta murɗa kunnuwan jita har tsirkiya ta yi daidai da shi, Auta ma ya ɗaure ƙaramar gangarsa a kai. Sai an yi wannan ake cewa bismillah. Jiya muka tsaya cirko-cirko da jitoci a wuya kamar waɗanda mota ta tafi ta bari. Muka jira, muka sha ruwa, muka sauko daga bene.

Abin da ya faru a mota ranar Juma'a ba yau zan rubuta shi ba.

Talata, da rana

Na kira Kawu. Ya ce lafiya lau, tumatirinsa ya fara ja.

Laraba, da yamma

Na biya gidan Kawu da burodi mai zafi. Ɗakinsa ɗaya ne da 'yar baranda, barandar kuma tumatir ya cinye ta, duk a cikin tsofaffin tayoyi da bokitan fenti. Yana ganina ya washe baki.

"Uwata ta kaina! Yau wace rana?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa tun ina goye ni ce uwarsa, shi kuma ɗana marar jin magana.

"Ranar da na zo duba ɗana ce. An ce ya yi ƙaura bai yi sallama ba."

"Wa ya faɗa? Ga ni ga tumatir. Zo ki ga wannan, jiya kore ne shar, yau dubi yadda ya fara jin kunya."

Muka sha shayi. Ya ba ni labarin maƙwabcinsa da ya sayi kare don gadi ɓarayi suka zo suka sace karen. Ya ba ni labarin fasinjan nan da ya taɓa shiga bas ɗinsa da ƙyauren ɗaki a ka, labarin da na haddace tun ina firamare, na kuma yi dariya kamar yau na fara ji, don yadda yake kwaikwayon tafiyar mutumin ba ka isa ka daure ba. Sarewar tana rataye a ƙusarta cikin tsohuwar safar da yake sa ta. Na kalle ta, ya ga na kalle ta, sai ya ce in ƙara sukari.

Na dawo da tumatir a jaka. Raina fes, in ban da sarewar nan da na baro rataye a ƙusa.

Juma'a, da hantsi, ba ciniki

To bari in rubuta, tunda ba mai shigowa.

Faifanmu na farko muke haɗawa. Shekara da shekaru muna wasa a ƙananan wurare, sai bana muka shiga situdiyo na gaske, wurin wani bawan Allah mai sanyin hali da kowa ke kira Injiniya. Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga wani wasa a motar Tsinke, sai Injiniya ya turo waƙar farko da ya gama haɗawa, waƙar makiyaya. Tsinke ya jona waya da rediyon mota. Ganguna suka shiga, na shiga, sai ga sarewa.

Ban taɓa jin abu mai kyau haka ba. Ta tashi sama tar, ta miƙe, ta yi ta tafiya ba ta tsaya shan iska ba, har tsigar jikina ta tashi. Auta ya daki kujera ya ce, "Kai! Kawu, ka kashe su!"

Kawu yana gaba, hularsa a gwiwa. Bai juyo ba. Da ta ƙare ya ce, "Sake sawa." Aka sake. Da ta kuma ƙarewa ya ce, "Tsaya a nan." Nan ɗin kuwa mahaɗar hanya ce, da sauran tafiya kafin gidansa. Ya sauka, ya zagayo ta tagar Tsinke, ya sunkuya ya faɗa masa wata magana ƙasa-ƙasa, ya rataya safarsa ya bi gefen titi. Na yi tambayar duniya Tsinke ya gaya min me ya ce. Tsinken da magana ba ta kwana a cikinsa, ya ƙi faɗa.

Washegari muka ji sauran daga bakin Injiniya. Ashe da na'ura ya ɗaga sautin sarewar sama, ya ɗaga mu duka tare da ita, ya kuma ɗinke wuraren da Kawu ya tsaya jan numfashi. Ya ce ai ya tambaya, an ce masa ya yi. Na san wanda ya ce ya yi. Ba zan sa sunansa a nan ba, da kyakkyawar niyya ya yi, kuma abin da yake ji yanzu ya ishe shi. Garin gyaran gira ne aka tsone ido.

Saura 'yan makonni mu yi wasan fitar da faifan. In babu sarewa babu mu, wannan ko telan da ke ƙasan ɗakin gwajinmu ya sani.

Asabar, da rana

Oga ya zauna a kan tabaransa. Na miƙe masa shi, ya ce kar in gaya wa kowa. Ga shi ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, da yamma

Kawu bai zo ba.

Tsinke ya zo da 'yar na'urar saita jita, wadda ake maƙalawa ta nuna kore in an yi daidai. Ya zaro ta daga aljihu a hankali kamar wanda ya sato ta. Auta ya ce, "Ni dai ban gani ba." Na ce a kawo, ba mutuwa za mu yi ba.

Sai da na yi ta murɗawa sama, sama, har na fara tsoron tsirkiya za ta tsinke ta fasa min ido, sannan ta nuna kore. Muka tayar da waƙar masu daka. Wayyo Allah. Komai daidai yake, amma kamar ka sa takalmin wani. Tsinke ya kai inda yake ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta fito raɗau, muryar ta karye kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Auta ya saki sanduna ya kifa kai a kan ganga yana dariya, ni ma na zube a kan lasifika har da hawaye. Tsinke ya ce mu 'yan baƙin ciki ne, daga baya shi ma ya fashe.

Rabon da mu yi dariya haka mu uku tun kafin abin nan na mota. Ɗakin nan namu, da kwalayen ƙwan da muka manna a bango, da fankar da ke ƙara kamar mai ƙorafi, ina son shi ba kaɗan ba.

Da muke saukowa tela ya ɗago daga kekensa ya ce, "Ina tsohon? Yau kiɗan naku kamar ana faɗa da kwanoni." Na ce yana hutawa.

Talata, da safe

Wata tsohuwa ta dawo da tabaran da muka yi mata makon jiya. Ta ce a karɓa, ba ta so. Oga ya ce, "Mama, ba kya gani da shi ne?" Ta ce, "Ganin ne ya yi yawa, ɗan nan. Na duba madubi na ga wata tsohuwa, na duba ɗakina na ga ƙura, na duba mijina na ce innalillahi." Oga ya yi dariya har ya manta da ƙafarsa. Da ƙyar muka lallashe ta ta tafi da abinta a jaka.

Yau Inna ta raka Kawu wani wuri. Ba ta ce ina ba, ban tambaya ba.

Talata, da yamma

Inna ta dawo ta kwance labulayen falo ta wanke. Ranar Asabar aka wanke su. Ta ce ya ce a gaishe ni, lafiya lau yake.

Alhamis, bayan an tashi aiki

Ni da Auta muka je situdiyo mu ce wa Injiniya ya mayar da komai yadda ya same shi. Da faɗa a bakina na tafi, tun a cikin bas nake wasa kalmomin. Ya tarbe mu da ruwan sanyi, ya ce zai mayar, ba wuya, amma mu ɗan ara masa kunne. Ashe ya nemo wani tsohon wasanmu da wani ya ɗauka da waya shekarar da muka fara, lokacin Auta ko gemu bai yi ba. Ya sa farkonsa, inda Kawu ke busa mana sautin saitawa. Sannan ya sa na watan jiya.

Ba sai an yi karatu ba. Na da yana sama, ya miƙe kamar igiyar shanya. Na yanzu yana ƙasa, kuma kafin ya kai ƙarshe sai ya ɗan sunkuya.

"Ban ƙara masa komai ba," in ji Injiniya. "Inda yake da na mayar da shi. Ku ne dai kuka yi ta binsa ƙasa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, ba wanda ya lura tunda tare kuke sauka."

Na ce sarewa ai kara ce, kara kuwa yana tsufa, zafi ma yana taɓa shi. Ya ce haka ne, kara yana yi. Ya ƙara wata magana a kan abin da ba kara ba, wai numfashin mai busawa. Na ce masa na'urarsa ce ke da ciwo, na ɗauki jakata.

A hanya Auta ya ce, "Yaya, ke kin taɓa lura?" Na ce ya kalli gabansa, mota na zuwa.

Injiniya dai ya ce zai mayar. Mutumin kirki ne, kuma haushinsa nake ji don ba shi da laifi.

Juma'a, da safe

Sabbin firam sun iso, har da wani ja mai kyau. Na gwada, ya karɓe ni.

Asabar, da rana

Na kira. Lafiya lau. Ya yi tari a waya, ya ce hayaƙin maƙwabta ne.

Lahadi, da yamma

Kawu bai zo ba.

Tsinke ya ce akwai wani saurayi mai sarewar ƙarfe, ya iya karanta kiɗa a takarda, cikin mako guda zai ɗauke waƙoƙin, "na wucin gadi kawai, kafin Kawu ya huce." Auta ya ce in saurayin ya shigo ta ƙofa shi zai fita ta taga da gangunansa. Tsinke ya ce an riga an buga fosta, an kama ɗakin taro, mutane za su zo. Auta ya ce ai da ma akwai masu saurin cewa a yi. Tsinke ya sunkuyar da kai.

Na ce to ya isa. Ba wanda zai tsaya a wurin Kawu, kuma ba wanda zai sake jifan wani da maganar da ta wuce, in ba haka ba in kwaɗa wa mutum bes a ka, kuma sun san nauyinta. Na aiki Auta ya sayo lemo. Kafin ya dawo Tsinke ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, so na yi a ji shi yadda ni na fara jin sa. Iyakar abin da na so ke nan." Na ce na sani.

"Me ya ce maka a tagar mota?"

Ya girgiza kai, idonsa ya yi ja. Na ƙyale shi.

Ba mu kunna lasifika ba. Muka zauna a ƙasa muka yi ta rera tsofaffin waƙoƙin da baki, Auta na buga kwalbar lemo da makulli. Tela ya hawo da kujerarsa ya ce yawwa, wannan ya fi, ya ma shiga amshi da muryarsa irin ta ƙofar da ba mai. Daɗi na ji, Allah ya sani. Sai dai duk inda sarewa ke shiga mukan yi shiru mu bar mata wurinta, ba tare da wani ya ce a yi ba.

Litinin, da rana

Inna sai girki take tana aika wa Kawu kamar mai ciyar da unguwa. Shi kuma yana dawo da kwanon cike da tumatir.

Laraba, da hantsi

Injiniya ya turo. Ya mayar da komai. Na saurara a bayan kanta da abin kunne, ga Kawu nan na gaske, da jan numfashinsa da sunkuyawarsa. Ni wannan na fi so. Gobe zan kai masa ya ji mun gyara ɓarnarmu, Lahadi ya zo, a wuce wurin. Tsabar murna har yunwa ta kama ni, na cinye burodin Oga.

Alhamis, da yamma

Na same shi yana ɗaure tumatir da tsumma a jikin sanda. Na ce, "Kawu, na kawo maka abu." Na sa masa abin kunne, na danna, na koma gefe ina jiran yabo.

Ya saurara kansa a ƙasa. Bai kai rabi ba ya zare.

"Wa ya ce ku mayar?"

"Kawu, ai mun ga ranka ya ɓaci. Mun sa an cire duk abin da na'ura ta yi. Wannan kai ne, ba a taɓa komai ba."

"Na san ni ne. Kullum da shi nake kwana nake tashi, sai an kawo min shi a waya? Ina ɗayan?"

Na saki baki. Makonni muna ta kai gwauro muna kai mari, har ana neman fita ta taga, ashe mun bar jaki muna dukan taiki. Na ce, "Ba fushi ka yi don an taɓa maka busa ba?"

Ya zauna a kan bokiti, ya ɗan huta kafin ya yi magana. "Uwata, ina zaune a mota sai na ji wani mutum yana busa. Na san shi sarai. Da shi muka yi ta yawo a bas, in ya ɗauki sauti tun daga kan gada sai an shiga gari yake ajiyewa. Ni duk zatona yana nan tare da ni. Ranar na gane ya daɗe da sauka bai gaya min ba, ku kuma kuna ta bina kuna cewa madalla. Kunya ce ta kama ni, ba fushi ba. Da wane ido zan tsaya a gaban yara in ce ku bi ni, alhali gangara nake kai ku?"

Na ce mu ba mu ga wata gangara ba. Ya ce jiki magayi.

Na sa masa ɗayan. Wannan karon har ƙarshe ya ji, ido a rufe. Ya ce, "Wannan za ku fitar."

"Kawu, wannan fa ƙarya ce."

"Ba ƙarya ba ce. Latti kuka yi wajen ɗauka."

Ka ji, ni da na zo da gaskiyata a waya ina taƙama. Raina bai so ba, har yanzu bai so ba, na gaskiyar na fi so, amma busarsa ce ba tawa ba. Na ce to faifai ke nan, dandali fa? A can ba na'urar da za ta ɗinke wa mutum numfashi. Lahadi fa?

Ya ce tumatir na son ruwa da yamma. Ya sa na tura masa waƙar a wayarsa, ya kuma riƙe min abin kunnena, wai uwa ba ta yi wa ɗa rowa.

Na yi kuka a bas, ba da yawa ba. Matar da ke kusa da ni ta miƙo min alewa.

Juma'a, da safe

Na gaya wa su Auta. Tsinke ya dafe kai. Injiniya ya ce da ma bai goge ɗayan ba. Bai ce ai na faɗa ba, Allah ya yi masa albarka.

Asabar, da yamma

Inna ta aike ni da kwano. Daga bakin ƙofa na hango shi a baranda, abin kunne a kunne, ido a rufe, yatsunsa na tashi suna sauka a kan sandar ɗaure tumatir. Na ajiye kwanon a hankali na juya. Ban tambayi Lahadi ba.

Lahadi, da rana, kafin in fita

Na goge bes. Na sa riga, na cire, na sa wata. Ban san don me ba.

Lahadi, da yamma

Mun hau, mun jona wayoyi, Tsinke ya ciro 'yar na'urarsa yana juya ta a hannu. Sai muka ji muryar tela a ƙasa: "A'a! Maraba da ɓatacce!" Auta ya miƙe zai sauka, na riƙe masa riga. Muka ji takunsa a matakala. Ya tsaya a tsakiya ya yi ta yi wa tela tsiya a kan wani wando da ya taɓa ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, tsiya mai tsawo, mu kuma muka yi kamar muna gyara wayoyi. Sannan ya ƙaraso.

"Wa ya mutu kuka yi jugum? Auta, ba ni kujera."

Bai taɓa busa a zaune ba. Auta ya kawo. Ya kalli Tsinke, ya kalli abin da ke hannunsa, ya ce, "Ajiye ta, ta situdiyo ce. A faifai ku ba mutane wancan mutumin. A dandali ni za su samu, in za ku iya bina." Tsinke ya cusa ta a aljihu, ya durƙusa zai yi magana, Kawu ya dungure masa kai ya ce ya tashi kar ya ɓata wando.

Ya zare sarewa daga safa. Ya busa.

Gajere ne. Ya yi rawa a ƙarshe. Kuma ya fi na watan jiya ƙasa, ko tela zai iya ji. Ya sauke sarewar ya kalle ni, ni kaɗai, don ya san ni ce ban iya ɓoye fuska ba. Na ce, "Sake, Kawu, hannuna bai kai kunnen jita ba." Ya sake. Na murɗa ƙasa, na ƙara murɗawa, har na same shi. Tsirkiyar ta saki sosai, in na taɓa ta sai ta yi ta kaɗawa tana dukan itace. Auta ya ce sabon salo ne, a bar shi.

Muka yi waƙar makiyaya. Inda da yake miƙewa da numfashi ɗaya, yanzu gutsurawa yake yana hutawa, a kowace tsayawa sai in sa bes in riƙe masa wurin har ya dawo. Ba mu shirya ba, haka kawai ta zo. Muryar Tsinke ta zauna daram. Ba mu yi nisa ba ya ce ya isa, yunwa yake ji. Wallahi ban taɓa jin daɗin gwaji kamar na yau ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar na yau ba, duka biyun tare.

Muka sauko da shi a hankali, Auta a gaba ni a baya, yana ta mita wai mun mai da shi ƙwai.

Litinin, da rana

Na tafi aiki da bes a baya, na roƙi Oga ɗan lokaci na je shagon kayan kiɗa. Na gaya wa mai shagon tsirkiyata na dukan itace. Ya karɓa ya taɓa, ya ce, "Anti, ai kin sauke ta da yawa. Ko ki ɗaga ta inda kowa yake, ko ki sa tsirkiyoyi masu kauri, su ne ke jure ƙasa." Na ce masu kauri. Ya jawo akwati, ya ce kala-kala ne, ya danganta. "Nan za ku tsaya, ko za ku ƙara sauka?"

Na ce ya ba ni mafi kaurin da yake da su.